Kundin aiki: akwatin naɗar hirar waya a kwamfuta

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Abin da ake nema shi ne ɗakin haɗa shirye-shirye ya riƙa naɗar hirar waya kai tsaye a kwamfuta, muryar mai tambaya a ɓangaren dama, ta wanda aka kira a ɓangaren hagu. A kan wannan rabuwar aikin duka ya tsaya. Mai tambaya yana zaune gaban makirfo, muryarsa cike take. Wakilin da ke magana daga ƙauye kuwa muryarsa ta biyo layi, ta sirance, wani lokaci tana yankewa. In suka cakuɗe wuri guda babu sauran gyara, domin duk ɗagawar da aka yi wa ta nesa, ta kusa ma za ta ɗagu har ta fashe.

An ajiye batun manhaja tun daga farko. Google ya fara toshe hanyar naɗar kira tun Android 6, kuma daga 11 ga Mayu, 2022 ya hana manhajojin Play Store bi ta ƙofar da ta rage musu. Wayoyin da suka zo da nasu abin naɗa suna haɗa muryoyin biyu a fayil guda, a matse, sannan sai an kwaso fayil ɗin daga waya bayan an gama. Don haka za a ciro sautin ta ramin iyafis, a bi da shi ta miksa, a shigar da shi kwamfuta.

Kayan da aka tara: ƙaramar miksa mai hanyar aika sauti ta daban wadda aka rubuta wa AUX, makirfo irin na hannu, katin sauti na USB samfurin Behringer UCA202, taransifoma biyu ƙanana masu 600Ω kowane gefe, filogi mai kauri 3.5mm mai gaɓa huɗu, resistoci, kafasitoci, da akwatin alminiyom. Taransifomomin an ciro su ne daga tsofaffin modem na layin tarho; an yi su daidai da zangon muryar waya, kuma wurin masu gyaran rediyo ba a rasa irinsu. Ƙananan katunan sauti masu kama da filashi ba su shiga lissafi ba: ramin makirfonsu layi ɗaya ne tak, ba za su raba murya biyu ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Yau filogi kawai aka yi. A tsarin CTIA, wanda kusan duk wayoyin yanzu ke bi, daga baki zuwa gindi: hagu, dama, ƙasa (silin da wuta ke komawa ta cikinsa), makirfo. A tsohon tsarin OMTP, na wasu tsofaffin Nokia da Sony Ericsson, gaɓoɓi biyun ƙarshe a juye suke. Kada a dogara da launin silin da ke cikin kebul, kowane kamfani da nasa. A sa mita a bi kowace gaɓa a ga inda ta fito.

An cusa filogin a waya an auna tsakanin gaɓar makirfo da ta ƙasa lokacin da kira ke gudana: ɗan sama da 2V. Wannan wuta ce wayar ke bai wa makirfon iyafis ta cikin resista mai kimanin 2.2kΩ, kuma da ita take gane abin da aka cusa mata.

An ɗauki sautin wanda aka kira daga gaɓar hagu kaɗai zuwa taransifoma ta farko, daga nan zuwa layi na biyu na miksa. Ba a haɗe hagu da dama wuri guda ba. Lokacin kira abu ɗaya suke fitarwa, kuma haɗe su kai tsaye yana sa kowane ɓangare ya riƙa tura wa ɗan'uwansa wuta.

Talata, 14 ga Janairu

Hanyar mayar da muryar mai tambaya cikin waya ta ci kwana uku, kuma duk wahalar daga resista guda ta fito.

Abin da miksa ke fitarwa ya kai kusan 1V, ramin makirfon waya kuwa abin da yake jira bai wuce 10mV ba. Sai an rage sautin kashi ɗari, wato 40dB. An fara da 22kΩ a jere da 220Ω zuwa ƙasa. Lissafin rabon daidai ne, amma da aka cusa filogi sai ƙarar wayar ta riƙa hawa da kanta har ƙarshe. Dalilin yana cikin ƙa'idar iyafis ta Android: maɓallan da ke jikin igiyar iyafis resistoci ne kawai tsakanin makirfo da ƙasa. Ƙasa da 70Ω yana nufin ɗaga kira ko katse shi, kimanin 240Ω ƙara murya, kimanin 470Ω rage murya. Wayar ta ga 220Ω ta ɗauka yatsa ne a kan maɓalli.

Aka canza zuwa 10kΩ da 100Ω. Ƙarar ta daina hawa, wanda ke ɗaya ɓangaren ya ce yana ji, aka ɗauka an gama. Sai da aka mayar da AUX sifili aka ce ya saurara, ya ce har yanzu yana ji. Wayar ta ɗauki abin da aka cusa mata a matsayin iyafis marar makirfo, ta ci gaba da amfani da makirfon jikinta, tana kwasar maganar daga iskar ɗaki. Wannan kuskuren ya fi na farko haɗari domin ba ya nuna kansa. Ana iya yin wata guda ana hira a haka, baƙi suna ƙorafin murya ta yi nisa, ba a san dalili ba. Daga yau gwajin farko a kowace waya shi ne wannan: a kashe AUX, in wanda aka kira bai daina ji ba, akwatin bai shiga ba.

Gyaran: kafasita mai 1µF tsakanin mahaɗar resistocin biyu da gaɓar makirfo, don kada wayar ta ga 100Ω ɗin, sannan resista 2.2kΩ daga gaɓar makirfo zuwa ƙasa, wadda ke tsayawa a madadin makirfo na gaske. Nan take alamar iyafis mai makirfo ta fito a saman allo.

Girman kafasitar ba abin wasa ba ne. Resistar waje da ta cikin waya in an haɗa su sun zama kimanin 1.1kΩ. Da 1µF, sautin da ke ƙasa da kusan 140Hz ne ke raguwa, ba asara. Da 0.1µF, wadda ta fi yawa a aljihun masu gyara kuma aka rubuta mata 104, iyakar tana hawa zuwa kusan 1400Hz, murya ta koma kamar ana magana ta hanci. An gwada duka biyun don a ji bambancin da kunne.

Asabar, 18 ga Janairu

Saitin miksa ya zauna. Layi na ɗaya makirfo, an karkatar da shi dama gaba ɗaya, AUX ɗinsa a buɗe. Layi na biyu waya, an karkatar da shi hagu gaba ɗaya, AUX ɗinsa a sifili, an kuma liƙa masa salatif don kada hannu ya taɓa. In aka buɗe shi ko kaɗan, muryar wanda aka kira za ta koma masa bayan ɗan jinkiri, kuma mutum ba ya iya magana yana jin kansa a makare. Sai ya fara in'ina, ya tsaya, ya ce "alo, alo". AUX na wannan miksar yana bin maɓallin ƙarar layi ne, saboda haka duk lokacin da aka rage makirfo a naɗi, an rage wa baƙo shi ma. A saita sau ɗaya kafin kira a bar shi.

An so a daidaita ƙarfi da sautin gwaji mai 1kHz, bai yiwu ba. Bayan 'yan daƙiƙoƙi wayar takan ɗauki sautin da ba ya canzawa a matsayin hayaniya ta danne shi. Da magana ake gwada layin waya. An naɗi karatun labarai na minti biyu, ana kunna shi kowane gwaji, don awon yau ya yi daidai da na gobe.

Laraba, 22 ga Janairu

Matsala biyu, kuma maganinsu ya zo ɗaya.

Ta farko ita ce ƙarar nan da kowa ya sani, "dit-dit-dit-dirrr", wadda rediyo ke yi in waya na kusa da shi za ta yi ƙara. Wayar da ke kan 2G ba ta aika saƙo a miƙe. Tana harba shi ne guntu-guntu, sau ɗaya a kowace daƙiƙa 0.004615, wato kusan sau 217 a daƙiƙa. A zangon 900MHz ƙarfin harbin yana kaiwa wat 2. Kebul yana kama shi kamar eriya, taransisto ko dayod na farko da ya tarar ya mayar da shi sauti. Kunna 4G ba ya raba mutum da wannan, domin in layin ko wayar ba su da VoLTE, wato kiran murya a kan 4G, da zarar kira ya shigo wayar takan sauka 3G ko 2G. Kuma gwargwadon raunin sabis gwargwadon ƙarfin da wayar ke ƙarawa. Ɗakin naɗi mai kaurin bango da rufin kwano, marar taga, wuri ne da waya ke ihu da iya ƙarfinta, a kan tebur, taku ɗaya daga miksa.

Aka yi tunanin nisantar da wayar, aka ƙara wa filogin kebul mai gaɓa huɗu na mita uku zuwa bakin taga. Ƙarar ta ragu sosai, sai ga matsala ta biyu: baƙo ya fara jin amsa-kuwwar muryarsa alhali AUX ɗinsa na sifili. An bi sawu an gano silin ƙasa ne. A cikin wannan kebul, iyafis da makirfo sili ɗaya suke rabawa na komawa. An sa wa gaɓar hagu resista 33Ω tun farko don ta yi kama da iyafis na gaske. Sauti mai 0.3V a kan 33Ω yana jan kimanin 9mA. Siririn sili mai tsawon mita uku an auna shi ya kai rabin om. Sakamakon kusan 4.5mV, kuma wayar tana ganinsa a matsayin abin da makirfo ya faɗa. Kusan rabin ƙarfin muryar mai tambaya ke nan. Da aka cire 33Ω aka bar taransifoma kaɗai, abin da ake ja ya sauka zuwa kimanin 0.5mA, amsa-kuwwar ta ɓace.

Tsarin da aka tsayar: akwatin ya koma gefen waya a bakin taga, kebul ɗin da ke tsakaninsu bai wuce santimita 30 ba. Dogayen kebul biyu, kowanne da rigarsa ta ƙarfe, suna tashi ne daga bayan taransifoma zuwa miksa. A cikin akwatin babu dayod ko taransisto ko ɗaya. Dayod biyun kariya da aka sa da farko an cire su, domin su ma suna iya mayar da harbin waya sauti. An sa zoben ferait a kowane kebul dab da miksa, da kafasita 33pF daga kowane sili zuwa jikin akwatin a inda ya shigo, ƙafafunta a gajarce ƙwarai. Doguwar ƙafa a 900MHz tana ɓata aikin kafasitar.

Litinin, 27 ga Janairu

Kwamfuta. UCA202 yana tsayawa a 48kHz da bit 16, kuma a nan aka bar shi. Kiran waya na gargajiya tsakanin 300 da 3400Hz yake, ana iya cewa 16kHz ya isa, amma makirfon ɗaki yana da faɗi, kiran WhatsApp ma ya fi kiran layi faɗi, kuma duk ta akwati ɗaya suke bi. A wannan saitin minti guda yana cin megabait 11.5, awa guda kusan 690. Fayil ɗin WAV ba ya wuce gigabait 4, wato awa shida da ɗan kai. Filashin da aka tsara da FAT32 shi ma nan iyakarsa.

A manhajar naɗi ta Audacity an zaɓi layi biyu. A Windows an kashe duk wani ƙarin gyaran sauti na makirfo, an daidaita katin a kan 48kHz don ya yi daidai da na manhaja, an hana kwamfuta barci, an kuma kashe saitin da ke yanke wa USB wuta in ya ga kamar ba a aiki da shi. Ƙololuwar murya tsakanin −12 da −6dB. Katin ba shi da maɓallin ƙara ƙarfin shiga, don haka daga miksa ake saitawa, ƙarar wayar kuma a tsaya da ita mataki biyu ƙasa da ƙarshe. A ƙarshen tana fasa muryar wanda aka kira tun kafin ta fito. Mai tambaya daga miksa zai riƙa saurare. Abin da ya zagayo ta kwamfuta yana makara.

Ƙugi ya bayyana da aka sa cajar laftof. Miksa na soket ɗaya, laftof na wani, kebul ɗin RCA ya haɗa ƙasansu, wuta mai 50Hz ta sami hanyar zagaye. Mayar da su kan soket guda ya rage shi, bai kashe shi ba. Da aka koma janareta ya ƙaru, kuma matatar da aka saita a 50Hz daidai ba ta kama shi ba, domin gudun ƙaramin janareta yana hawa da sauka da nauyin da aka ɗora masa, ga kuma 'ya'yan ƙugin a 100 da 150Hz. An sa ƙaramar taransifomar raba ƙasa mai layi biyu tsakanin miksa da katin sauti, shiru ya dawo. Ba a cire ƙafar ƙasa ta filogin wuta ba, kuma kada wani ya cire: tana kashe ƙugi, amma ita ce ke tsakanin mai riƙe da makirfo da wutar 230V ranar da wani abu ya lalace a ciki.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An ƙara reshe na wayar tebur mai sim. Ita ba ramin iyafis gare ta ba, sai murɗaɗɗiyar igiyar kan waya mai sili huɗu. Galibi biyun tsakiya na sifikar kunne ne, biyun gefe na makirfo, amma ba duka kamfanoni ke bin haka ba. Hanyar tabbatarwa: a cire kan wayar, a ɗora mita a kan sili biyu, waɗanda suka sa sifika ta yi "ƙas" su ne nata. A gefen uwar wayar kuma, biyun da ke da 'yar wuta tsayayya lokacin kira su ne na makirfo.

Babu ɗaya daga silin sifikar da ke ƙasa. Dukansu biyu sauti suke ɗauke da shi, ɗaya kishiyar ɗaya. In aka haɗa su kai tsaye da miksa an ɗaure ɗaya da ƙasa ke nan, sauti ya karye, ƙaramin amfilifayan ciki ya yi zafi. Sai ta taransifoma, da kafasita 1µF a jere. Muryar mai tambaya tana ɗan fitowa a wannan layin, domin wayar da gangan take mayar wa mai magana kaɗan daga muryarsa a kunne. Tana ƙasa sosai, ba ta hana aiki.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Layin tarho na girke ya yi ƙaranci a nan, amma ofisoshi masu ƙaramar musayar waya ta cikin gida, da akwatunan da ke mayar da kiran intanet zuwa tarho, duk irin wannan layin suke fitarwa. An gwada a kan ɗaya daga cikinsu.

Lambobin da za a riƙe: kusan 48V tsayayya in kan waya na ajiye, tana sauka zuwa 6 zuwa 12V in an ɗaga, sannan in kira ya shigo wuta mai juyawa ta kimanin 75 zuwa 90V a 20 ko 25Hz. Wannan tana jan mutum, tana kuma ƙona katin sauti. An sa kafasita 2.2µF mai jure 250V, irin ta leda marar kai da gindi, a kowace ƙafar layi, sannan taransifoma, sannan dayod 1N4148 biyu kai da ƙafa a bayanta, waɗanda ke datse duk abin da ya wuce kimanin 0.7V. A nan dayod dole ne, kuma babu harbin waya kusa da zai dame su. Ba tare da kafasitocin ba layin zai ɗauka an ɗaga waya, duk mai kira ya ji ana magana: 600Ω da aka rubuta a jikin taransifoma na sauti ne, a mita abin da take nunawa ya yi ƙasa da haka nesa.

Ya naɗa, amma muryoyin biyu a cakuɗe suke a sili biyu, ta kusa ta danne ta nesa. Raba su sai da na'urar da gidajen rediyo ke kira haibirid, wadda ke cire abin da aka aika daga abin da ya dawo. An ajiye wannan reshen a matsayin na saurare kawai har a samo ta.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Gwajin awa biyu a jere, kira bakwai, waya uku. Biyar sun fita tsaf. Ɗaya ya katse a tsakiya da aka taɓa wayar: ƙurar hunturu ta taru a ramin iyafis ta hana filogi kaiwa ƙarshe, ya ɗan motsa, gaɓar makirfo ta shafi ƙasa, wayar ta ɗauka an danna maɓallin katsewa. An share ramin da tsinken sakace da ɗigon sifirit, an cire rigar wayar domin bakinta ma yana tokare filogi. Na bakwai a wayar da ba ta da ramin iyafis aka yi shi, ta mahaɗin USB-C. Mahaɗi na farko, marar komai a ciki, wayar ba ta gan shi ba sam. Irinsa sai wayar da aka ƙera ta fitar da sauti kai tsaye ta wannan ramin. Na biyu mai ƙaramin katin sauti a cikinsa ya yi aiki, ya kuma ci gwajin kashe AUX. Sai dai ya toshe ramin caji, don haka a cika batir kafin doguwar hira.

An liƙa takarda a murfin akwatin: kafin tambayar farko, a gaya wa wanda aka kira cewa ana naɗa, a faɗi inda za a yi amfani da muryarsa, a bar amsarsa ta shiga cikin fayil. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci hirar tarho da sunanta cikin sirrin da aka kare, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara nauyin neman izini. Dattijon da ya yarda ya yi magana daga nesa bai ga jan fitilar naɗi ba, hakkinsa ne a faɗa masa.

Saura uku. Za a mayar da haɗin daga allon gwaji zuwa allo mai huji a liƙe da dalma, domin ƙafar 33pF ɗaya ta riga ta saki sau biyu. Za a sa makunni mai juya gaɓar makirfo da ta ƙasa saboda tsofaffin wayoyi. Sannan akwai ɗan ƙarar 217Hz da ke leƙowa a layin makirfo daidai lokacin da kira ke shigowa, kafin a ɗaga. Ana zargin kebul ɗin makirfon ne, rigarsa ba ta kama jikin filogi da kyau ba. Ranar Litinin za a buɗe shi a sake liƙawa, a maimaita gwajin da wayar a ƙulle a kan 2G.